Tambayoyi da Amsoshi a kan Dolfin da Wel Mai Jagora

Ni malamin nazarin halittu ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Yawuri, kuma ta wajen mahaifiyata jikan masunta ne. Tun da manyan wayoyi suka shiga hannun kowa, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da hoton bidiyo ba, ko na wata halitta mai sulɓin jiki da take tsalle daga cikin teku tana komawa, ko kuma na wasu baƙaƙen halittu masu tsawon kwalekwale da suka yi jibge a kan yashi, mutane suna ta kwara musu ruwa da bokitai. Ɗalibai suna tambaya a aji, 'yan'uwana masu su suna tambaya a bakin ruwa, kuma na lura tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su a nan tare da amsoshinsu.

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, saboda haka kakanninmu ba su raɗa wa waɗannan halittu suna ba kamar yadda suka raɗa wa giwan ruwa da ayu. Zan kira na farko dolfin, yadda aka saba ji. Manyan danginsa na teku ana ce musu wel, shi kuma baƙin nan mai dunƙulallen kai zan kira shi wel mai jagora, domin abin da sunansa na Turanci yake nufi ke nan.

Shin dolfin kifi ne?

Ba kifi ba ne, duk da cewa surarsa ta kifi ce kuma a ruwa yake tun daga haihuwa har mutuwa. Dabba ce mai shayarwa, kamar saniya da akuya, kuma duk sauran amsoshin da za su biyo baya a kan wannan suka rataya.

Wanda yake son ya gane bambancin da idonsa, ya tsaya inda mata suke gyaran kifi a kasuwa. Idan aka ɗaga murfin da ke gefen kan karfasa, za a ga wasu jajayen ganyayyaki a jere kamar haƙoran mataji. Da su kifi yake tace iskar da ta narke a cikin ruwa, don haka ba ya bukatar leƙowa sama. Dolfin ba shi da su ko kaɗan. Huhu gare shi irin namu, hancinsa kuma ƙofa ɗaya ce a tsakar kansa, mai murfin tsoka da yake buɗewa idan ya taso, ya rufe idan zai nutse. In aka hana shi tasowa, ruwa zai ci shi kamar yadda zai ci mutum. A duba wutsiya kuma. Ta kifi a tsaye take, hagu da dama yake kaɗa ta, ta dolfin kuwa a shimfiɗe take, sama da ƙasa yake buga ta, irin yadda gadon bayan doki yake lanƙwashewa idan yana sukuwa. Jininsa mai ɗumi ne, zafin jikinsa kusan daidai da na ɗan Adam, kuma kitse mai kauri da ke ƙarƙashin fatarsa shi ne bargonsa a cikin sanyin teku. Ba ya yin ƙwai. Haihuwa uwar take yi, ta shayar da ɗanta nono. Har 'yan gasu ake haihuwarsa da su a kan leɓensa na sama, sai su zube bayan ɗan lokaci.

Malam, ai gaiwa ma tana leƙowa ta shaƙi iska, me ya sa ita ake ce mata kifi?

Wannan tambaya ta wani ɗalibina ce, kuma na ji daɗinta ƙwarai domin ta fito ne daga abin da ya gani a fadama. Gaskiya ne gaiwa tana da huhu, har takan yi rani a dunƙule cikin busasshen laka tana jiran damina. Amma ƙwai take yi, zafin jikinta yana bin na ruwan da take ciki, kuma ba ta da nono. Shaƙar iska kaɗai ba ta fitar da halitta daga sahun kifaye. Ma'aunin shi ne shayarwa.

To, shi ne ayun teku ke nan?

Ranar da na nuna wa kawuna bidiyon wata dolfin da ɗanta yana manne da gefenta, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, wanga ai ɗan'uwan ayu na." Ya fi yawancin masu boko kusantar gaskiya, domin masunta sun san ayu ba kifi ba ne tun kafin a rubuta haka a littafin makaranta. Ni kaina na taɓa ganin ayu sau ɗaya ina yaro, raga ta kama ta, aka jawo ta bakin ruwa a mace. Abin da ban manta ba shi ne nonuwanta, ɗaya a kowace hammata, da 'yan farata a ƙarshen hannuwanta, da gasu masu kauri a leɓenta. Manya suka yi shiru na ɗan lokaci kafin a fara fiɗa.

Ayu da dolfin sun haɗu a shayarwa da numfashi da huhu, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Ayu ciyawa yake ci, burugu da makamantansa, kuma masana sun gano danginsa na kusa a doron ƙasa ita ce giwa. Dolfin mafarauci ne, kuma dabbar da ta fi kusa da shi da duk dangin wel cikin masu rai a yau ita ce dorina, wadda muke jin kukanta da dare a Kogin Kwara. Binciken ƙwayoyin gado da na tsofaffin ƙasusuwa duka sun nuna haka. An tono ƙasusuwan magabatan wel masu ƙafa huɗu a Pakistan, waɗanda masana suka kimanta shekarunsu da wajen miliyan 50, akwai kuma wani kwari a hamadar Masar da ake kira Wadi al-Hitan, cike da ƙwarangwal na tsofaffin wel masu 'yan ƙananan ƙafafun baya. A Nijeriya ma an samu muƙamuƙin wani tsohon nau'i a Ameki, a kudu maso gabas, aka raɗa masa suna Pappocetus lugardi. Idan aka feɗe fiffiken gaban dolfin na yau, ƙasusuwan da ke ciki su ne na dantse da sangali da yatsu, a jere kamar na hannun mutum.

Iri nawa ne, kuma yaya girmansu?

Dolfin na teku sun kusan iri 40, ban da 'yan kaɗan da ke zaune a koguna. Wanda aka fi gani a bidiyo, mai launin toka da gajeren baki kamar wuyan kwalba, tsawonsa mita 2 zuwa 4 ne. Mafi ƙanƙanta suna gaɓar Niyu Zilan, tsawonsu kimanin mita ɗaya da rabi ne. Mafi girma shi ne oka, mai baƙi da fari, wanda namijinsa kan kai mita 9 da nauyin tan 6 ko fiye, yana farautar kifin shak har da manyan wel.

Mene ne wel mai jagora, kuma ina ya samo wannan suna?

Ko da yake ana ce masa wel, a rabon masana ɗan gidan dolfin ne, kuma oka kaɗai ya fi shi girma a gidan. Baƙi ne ko toka mai duhu, goshinsa a kumbure kamar an kifa tukunya, bakinsa gajere, da wani farin tabo a ƙirji. Sunansa na kimiyya, Globicephala, ma'anarsa dunƙulallen kai. Iri biyu ne. Mai dogon fiffike yana zaune a ruwan sanyi, a arewacin Tekun Atlantika da tekunan kudancin duniya. Mai gajeren fiffike ya fi son ruwa mai ɗumi, shi ne ake samu a tekun Afirka ta Yamma, da kewayen tsibiran Kanari, da Hawai, da Japan. Babban namiji yakan kai mita 6 zuwa 7, nauyinsa ya haura tan 2. Giwan ruwan da ake cin gasar Argungu da shi yakan kai kilo 70 da wani abu, to sai an tara kamar 30 irinsa kafin a yi nauyin namiji ɗaya.

Sunan ya samo asali ne daga abin da matuƙan jiragen ruwa na da suka ɗauka, cewa kowane garke yana da jagora ɗaya da sauran suke bi duk inda ya nufa. Abin da bincike ya tabbatar shi ne ƙarfin haɗin kansu, wanda za mu zo kansa.

Akwai su a Kogin Kwara ko a tafkin Kainji?

Babu. A duk kogunan Afirka babu nau'in dolfin na ruwan daɗi. Masu zama a kogi suna Amazon a Kudancin Amurka, inda ake samun mai launin hoda, da kogunan Ganjis da Indus a Indiya da Pakistan, inda ruwan ya yi dauɗa har idanunsu kusan ba sa aiki, da sauti suke neman hanya. Abin da wasu suke gani yana leƙowa a ruwanmu su zaci dolfin ne, ayu ne ko dorina ko kada.

A tekun Nijeriya kuwa akwai su, iri daban-daban. Ɗaya ya cancanci a ambace shi, wato dolfin mai doro na Atlantika, wanda babu shi ko'ina a duniya sai gaɓar yammacin Afirka, daga wajen Muritaniya zuwa Angola. A ruwa marar zurfi kusa da gaɓa yake zama, inda ragar masunta ta fi yawa, kuma a 2017 aka sanya shi cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa.

Tunda sai ya taso yake numfashi, yaya yake barci bai nutse ba?

Mu numfashinmu yana tafiya da kansa ko muna barci. Na dolfin ba haka yake ba, kowace shaƙa sai ya yi niyyarta. Saboda haka rabin ƙwaƙwalwarsa ne yake barci, ɗaya rabin yana farke yana lura da numfashi da abokan gaba, bayan wani lokaci su yi musanya. Ido ɗaya yakan kasance a rufe, ɗaya a buɗe, yana tafiya sannu a hankali kusa da saman ruwa.

Da gaske ne yana gani da sauti?

Da gaske ne, kuma a ganina wannan ita ce baiwa mafi ban mamaki a jikinsa. Duk wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya ji muryarsa ta dawo ya san amsa-kuwwa. Dolfin yana matsa iska ta wasu leɓɓa da ke cikin hancinsa, su fitar da ƙas-ƙas-ƙas mai sauri, har ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya idan ya kusanci abin farauta. Kumburin goshinsa dunƙulen kitse ne da yake tattara sautin ya harba shi gaba kamar hasken cocila. Sautin ya bugi kifi ko dutse ya dawo, kitsen da ke cikin muƙamuƙinsa na ƙasa ya karɓa ya kai kunne, ƙwaƙwalwa ta fassara nisan abin da girmansa da inda ya dosa. Yana iya gano kifin da ya binne kansa a yashi. Jemage ma haka yake yi a duhun dare, amma ruwa ya fi iska ɗaukar sauti: a iska yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, a ruwan teku kimanin mita 1,500. Shi ya sa ƙarar injinan jirage da fashe-fashen masu neman man fetur a ƙarƙashin teku take zame musu kamar a haska wa mutum fitila a ido yana tafiya cikin dare.

Me suke ci, kuma ruwan gishirin suke sha?

Kifi suke ci, da wata halitta mai taushi marar ƙashi, mai hannuwa goma, da ake kira sikwid. Haƙoransu duk sura ɗaya ce, masu tsini, na kamu ne ba na tauna ba, haɗiye abinci suke yi ɗungurungum, galibi ta kai. Yawancin ruwan da jikinsu yake bukata daga cikin abincin suke samunsa.

Wel mai jagora sikwid ne babban abincinsa, kuma can ƙasa yake binsa inda haske ba ya kaiwa. Masu bincike a tsibirin Tenerife sun manna wa masu gajeren fiffike na'ura, suka ga suna nutsewa har mita 1,000, wato kilomita guda cur zuwa ƙasa, su yi minti 15 ko fiye da shaƙa ɗaya, kuma a can ƙasan sukan fyalla da gudun mita 9 a daƙiƙa su cafke abin farauta. Masu nutso a gulbinmu sun san yadda kunne yake ciwo a zurfin gaba biyu ko uku kawai.

Yaya suke haihuwa da renon 'ya'ya?

Cikin dolfin mai bakin kwalba wata 12 ne, na wel mai jagora yakan haura haka, har wajen wata 15. Ɗa ɗaya ake haifa, kuma yawanci wutsiya ce take fara fitowa, kai ya zo daga ƙarshe, don kada ya shaƙi ruwa haihuwa ba ta ƙare ba. Da fitowarsa sai a tura shi sama ya yi shaƙar farko. Ba shi da leɓɓan tsotso, saboda haka uwar ce take feso masa nonon a baki, nono mai kauri da maiƙo. Yakan yi shekara biyu ko fiye yana sha, ya kuma ci gaba da bin uwar shekaru bayan yaye. Mace takan yi shekara 3 zuwa 5 tsakanin haihuwa da haihuwa. A riƙe wannan lissafi, domin shi ne dalilin da ya sa garken da aka rage ba ya saurin farfaɗowa. Karfasa ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai sau da yawa a shekara, ita kuwa wannan duk rayuwarta 'ya'yan da za ta haifa ba su taka kara sun karya ba.

Zaman wel mai jagora zaman gandu ne, sai dai a nan uwa ce tushen gida. Garke yakan ƙunshi 10 zuwa 30, kaka da 'ya'yanta da jikokinta, wani lokaci garkuna su haɗu su zama ɗaruruwa. A nau'in mai dogon fiffike, maza ma ba sa barin garken uwarsu. Sukan je wani garke su yi barbara su dawo gida. Mata sukan kai shekara 60, maza ba safai suke wuce 45 ba. Wani abin lura shi ne matan mai gajeren fiffike suna daina haihuwa wajen shekara 40, su ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa bayan haka, abin da ba safai ake ganinsa ba in ba a mutane da wasu 'yan nau'o'in wel ƙalilan ba. Masana suna ganin tsohuwar tana amfanar garken da reno da kuma sanin inda abinci yake. Duk wanda ya tashi a hannun kaka ba zai yi mamakin wannan ba. An kuma sha ganin uwa tana ɗauke da gawar ɗanta a goshi ta ƙi saki; a 2018 wata oka a gaɓar yammacin Amurka da Kanada ta yi kwana 17 tana haka.

Ana cewa suna da wayo kamar mutane. Ina gaskiyar maganar?

Kamar mutane dai an yi ƙari, amma abin da aka tabbatar ma ya isa. Kowane dolfin mai bakin kwalba yana ƙirƙirar fito nasa na kansa tun yana ƙarami, wanda yake zame masa kamar suna, 'yan'uwansa kuma sukan kwaikwayi fiton idan suna nemansa. Tun shekarun 1960 aka gano haka. A wani gwaji da aka wallafa a 2001, an shafa musu alama a jiki, suka je gaban madubi suna jujjuyawa don su duba wurin, wato sun gane kansu suke gani. A wani yanki na yammacin Ostareliya wasu suna sanya soson teku a baki don kare kansu daga ƙurjewa idan suna tonon ƙasa, kuma 'ya'ya suna koyon wannan dabara daga iyayensu mata.

Wanda ya fi taɓa zuciyar 'yan'uwana masunta shi ne labarin garin Laguna a kudancin Barazil. Masu birgi, wato ragar da ake watsawa da hannu, suna shiga ruwa iya ƙugu su jeru, ruwan kuma ya yi dauɗa ba sa ganin kifi. Dolfin ne suke koro garken kifin zuwa gare su, idan sun iso sai dolfin ya yi wani irin nutso na farat ɗaya, wanda shi ne alamar a watsa birgi. Kifayen da suka firgita suka tarwatse su ne rabonsa. An haura shekara 100 ana wannan, ba wanda ya horar da su, ba a kuma ɗaure su ba. A kogin Irawadi na ƙasar Bama masunta suna ƙwanƙwasa gefen kwalekwale da ɗan itace su kira su, an kuma rubuta irin wannan a kan masuntan Imragen na gaɓar Muritaniya. Da kawuna ya kalli na Laguna, abin da ya fara lura da shi shi ne yadda suke naɗe birgin a hannu, ya ce daidai da nasu ne, sannan ya sa na maimaita masa wurin da dolfin ya ba da alama har sau uku.

Me yake sa wel mai jagora fitowa kan yashi su mutu da yawa a lokaci ɗaya?

Suna cikin dabbobin tekun da suka fi yawan faɗawa wannan masifa. A 1918 kimanin 1,000 suka maƙale a tsibiran Catam na Niyu Zilan. A Fabrairun 2017 fiye da 600 suka fito a wani dogon harshen yashi da ke arewacin tsibirin kudu na ƙasar. A Satumban 2020 kimanin 470 suka maƙale a Tasmaniya ta Ostareliya, aka ceto ɗari da 'yan kai, sauran suka mutu. A nan kusa da mu ma, a 2008 wajen 100 sun fito a gaɓar Yof da ke Dakar.

Dalilan suna haɗuwa ne. Mu a nan mun saba gulbi ya cika da damina ya janye da rani, teku kuwa kusan sau biyu yake cika ya janye a kowace rana, kuma inda gaɓa take shimfiɗe ruwan yana iya ja da baya da nisa cikin ɗan lokaci. Wel mai jagora ɗan zurfi ne, bai san ruwa marar zurfi ba, sannan yashi mai gangara a hankali ba ya mayar masa da amsa-kuwwa yadda dutse yake yi, sai ya zaci hanya a buɗe take. Wani lokaci ɗaya ne yake rashin lafiya ko ya rikice ya nufi gaɓa. Daga nan zumuncin da yake rayar da su a teku shi ne yake halaka su, domin wanda ya maƙale yana kuka, sauran ba za su tafi su bar shi ba. Masu ceto sun sha tura wasu cikin ruwa, su juyo su dawo wurin 'yan'uwansu.

A kan yashi nauyin jikinsu yana danne huhu da kayan ciki, tunda ruwa ne yake ɗauke musu shi, kitsen da yake kare su daga sanyi ya hana zafi fita, rana kuma ta ƙona fatar har ta sale. Abin da kuke gani a bidiyo ke nan: ana lulluɓe su da jiƙaƙƙun zannuwa, ana zuba ruwa ana kauce wa ƙofar hanci, ana daidaita su a kan cikinsu har ruwa ya dawo, sannan a yi ƙoƙarin sakin su tare, ba ɗaya-ɗaya ba.

Ana cin namansu? Ya halatta?

Hukunci na malamai ne, amma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne dabbobin ruwa halal ne ko da an same su a mace, Hanafawa kuwa sun taƙaita halaccin a kan kifi. Sananne ne kuma labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, Allah ya yarda da shi, da yunwa ta kama su a gaɓar teku suka tarar da wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, har suka kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saura ya ci.

Ana farautarsu a wurare kaɗan. A tsibiran Faro, tsakanin Norwe da Aisilan, mutane suna kewaye garke da jirage su koro shi bakin gaɓa su yanka, a raba naman gida-gida, kuma suna da rubutaccen lissafin wannan farauta tun 1584. A Satumban 2021 an kashe dolfin 1,428 a rana ɗaya a can, abin da har wasu 'yan tsibiran suka yi tir da shi. A garin Taiji na Japan ma ana yin makamancin haka.

Halacci daban, lafiya daban. A 2008 manyan likitocin Faro suka shawarci jama'arsu su daina cin naman wel mai jagora saboda zaiba, wani ƙarfe mai ruwa-ruwa mai guba, da ta taru a cikinsa, bayan dogon bincike ya nuna tana shafar ƙwaƙwalwar yaran da iyayensu mata suka ci shi da ciki. Zaiba tana shiga ruwa, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, ta yi ta taruwa har ta ƙare a jikin wanda yake can ƙoli kuma mai tsawon rai. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da zaiba ake tsince zinariya a wuraren haƙa a Zamfara da nan ƙasar Yawuri, ruwan wankin kuma gulbi yake komawa. Mutanen Zamfara ba su manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta ci ɗaruruwan yara. Dabbar da aka tsinta a mace a gaɓa kuwa, ba a san abin da ya kashe ta ba, bai kamata a ci ba.

Suna cutar da mutum?

Da wuya, kuma akwai labarai da dama na dolfin da suka kewaye masu iyo ko suka tallafe wanda ruwa zai ci. Duk da haka naman daji ne mai ƙarfi da haƙora, yana cizo yana bugu idan aka takura shi. Lanƙwasar bakinsa da take kama da murmushi halittarsa ce kawai, haka take ko yana cikin wahala.

Mene ne ya fi kashe su a yau?

Raga. An kiyasta cewa dolfin da wel da danginsu aƙalla 300,000 ne suke mutuwa kowace shekara a cikin kayan kamun kifin da ba don su aka kafa ba. Zaren roba siriri ne, amsa-kuwwarsa ba ta da ƙarfi, dabbar tana bin kifi sai ta ji ta a ciki. Kifin da ragar kalli ta kama yana iya kwana da rai har mai ita ya zo da asuba, amma mai huhu mintoci kaɗan gare shi. Ragar da ta tsinke aka bar ta a ruwa kuwa tana ci gaba da kamu shekara da shekaru ba mai zuwa dubawa.

Bayan raga akwai guba da leda, da ƙarar jirage, da madatsun ruwa da suke raba kogi gida-gida, da ɗumamar ruwa. A 2023, lokacin fari mai tsanani, ruwan tafkin Tefe a Amazon ya kai zafin digiri 39, dolfin fiye da 150 suka mutu cikin 'yan makonni. Dolfin kogin Yanze na ƙasar Sin, wanda ake kira baiji, a 2006 masana suka yi mako shida suna bin kogin da jirage da na'urorin sauraro ba su ga ko ɗaya ba, aka bayyana cewa ya ƙare. Ba farautarsa da gangan ce ta fi cin sa ba, ƙugiyoyin mamari ne da raga da kamun kifi da lantarki da cunkoson jirage.

Abin da ya ci doma ba ya barin awai, kuma duk waɗannan dalilai suna nan a ruwanmu a kan ayu, wanda dokar Nijeriya ta 1985 ta haramta farautarsa da cinikinsa, amma har yau ana tallar mansa a kasuwanni. Shi ma ɗa ɗaya yake haifa bayan cikin kusan shekara guda, shi ma a raga yake shaƙewa. Kawuna ya ce a ƙuruciyarsa da wuya damina ta wuce bai ji hucin ayu da dare a cikin burugu ba, ya kuma ce rabonsa da jin wannan huci tun kafin a aurar da 'yarsa ta fari.